Jirgi mai jerin farfelun lantarki: me ya sa saukarsa ta fi tashinsa wuya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan lantarki, ina zaune a Agege. Na ga bidiyon wani ƙaramin jirgin sama mai farfela takwas jere a gaban fukafukansa, duk lantarki ke juya su, ya tashi kuma ya sauka a ɗan filin da bai kai filin ƙwallo ba. Abokina ya ce nan gaba kaɗan za a riƙa sauke fasinja a tsakiyar gari, a huta da cunkoson Legas. Tambayata: idan fasahar tana aiki kamar yadda muka gani, me ya hana hukumomi ba su takardar izinin ɗaukar fasinja? Kuma da gaske ne sun fi jiragen da muka sani aminci wajen sauka, tunda in inji ɗaya ya mutu saura bakwai?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyinka biyu ne, amma jijiyarsu ɗaya. Kana son sanin ko abin da jirgi ya yi a gaban kyamara, da rana tsaka, iska a kwance, ƙwararren matuƙin gwaji a kan kujera, zai iya yin sa kullum da fasinja a ciki, har a ranar da wani abu ya lalace. Aikina a Ikeja lissafin ƙwazon jirage ne: nauyin da jirgi zai tashi da shi, tsawon titin da yake buƙata ya tsaya, da abin da zai biyo baya in inji ya mutu. Jiragen da nake yi wa wannan lissafi masu shan mai ne, kuma ni ba matuƙin gwaji ba ne. Sai dai ma'aunin da ake ɗora kowane jirgi a kai ɗaya ne, da shi zan yi maka bayani.

Abin da farfelun ke yi wa fiffike

Fiffike ba ya ɗaukar jirgi sai iska tana gudu a kansa. In gudun iskar ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawa ya ninka huɗu. In ya ragu da rabi, saura rubu'i. Akwai kuma gudun da in jirgi ya yi ƙasa da shi, iskar take ɓallewa daga bayan fiffiken, ɗagawa ta zube, hanci ya faɗi. Matuƙa suna kiran wannan sitol. Don jirgi ya iya sauka a hankali ba tare da ya kai wannan iyaka ba, sai a yi masa fiffike babba, alhali in ya lula sama yana gudu, wannan girman ya zame masa kaya, iska na ta turje masa a banza.

Dabarar jerin farfelu ita ce a kawo wa fiffike iskarsa ta kansa. Ko jirgin na tafiya a hankali, farfelun da ke gabansa suna hura masa iska mai sauri, sai ya ɗaga kamar jirgin na gudu. Tunanin tsoho ne. Faransawa sun ƙera Breguet 941, wanda ya fara tashi a 1961, mai manyan farfelu huɗu da ke hura kusan dukan fiffiken, kuma sun haɗa injinan huɗu da sandar ƙarfe guda, don ko ɗaya ya mutu farfelun duka su ci gaba da juyawa. Abin da lantarki ya kawo shi ne sauƙin rarrabawa. Injin lantarki ko ƙarami ne ba ya asarar ƙarfi sosai, ba shi da nauyi, yana amsa umarni nan take, kuma waya kawai yake buƙata a kai masa.

Hukumar NASA ta Amurka ta ɗauki maganar da gaske. A 2015 sun ɗaura fiffike mai farfela 18 a kan babbar mota suna gudu da shi a busasshen tafkin Edwards a Kalifoniya don su auna ɗagawarsa. Daga nan aka shiga aikin X-57 Maxwell: suka ɗauki jirgin Italiya mai inji biyu, Tecnam P2006T, da niyyar sa masa fiffiken da faɗinsa bai wuce kashi 42 cikin ɗari na asalin ba, da ƙananan farfelu 12 don tashi da sauka, waɗanda ke naɗewa in an hau sama, da manya biyu a bakin fukafukai don tafiya. An rufe aikin a 2023 jirgin bai taɓa tashi ba, amma abin da suka koya sun baje shi ga kowa. Wanda ka gani mai farfela takwas, bisa siffar da ka bayar, ya yi kama da na kamfanin Electra na jihar Bajiniya, wanda jirgin gwajinsu mai kujera biyu ya fara tashi a Nuwamban 2023, kuma suna shirin wani mai ɗaukar fasinja tara, EL9, mai haɗa batir da janareton da ke cikin jirgin.

Inda gizo ke saƙa

Wajen tashi komai na tafiya hanya ɗaya. Kana son ɗagawa, kana son jirgi ya yi gaba da ƙarfi, farfela kuwa duka biyun take bayarwa. Buɗe wuta kawai. Shi ya sa bidiyon tashi yake burge kowa.

Sauka kuwa abu biyu take nema a lokaci guda: jirgi ya tafi a hankali, kuma ya gangaro. Jirgi ba ya gangarowa da daidaitaccen gudu sai turjiyar iska ta rinjayi tunkuɗar injina. A gangara ta digiri 3, wadda kake ganin manyan jirage na bi in sun ratso ta saman Iju da Agege suna tunkarar titin Ikeja daga arewa, dole turjiya ta zarce tunkuɗa da kimanin kashi 5 cikin ɗari na nauyin jirgin. A digiri 6 ya zama kashi 10, a digiri 8 kashi 14. Jirgin da muka saba, matuƙi ya rage totur ya sauke allunan bayan fiffike da tayoyi, shi ke nan. To amma jirginka farfela ce ke riƙe da fiffikensa, kuma farfela ba ta iya hura iska baya ba tare da ta ja jirgin gaba ba. Ka rage mata wuta don ka gangaro, ɗagawa ta tafi. Ka bar mata wuta don ɗagawa ta tsaya, jirgi ya ƙi gangarowa, ko ya gangaro yana ƙara gudu. Kamar direban tirela ne ya ɗauko kaya daga Apapa yana saukowa daga gada, aka ce masa dole ya rage gudu, amma da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur tayoyinsa za su saki kwalta.

Masu ƙira suna da hanyoyin fita, kowace da kuɗinta. Ta farko, a sauke allunan bayan fiffike sosai har su karkatar da iskar farfela ƙasa, tunkuɗar ta koma ɗagawa. Wannan na taimakawa ta wata fuskar kuma, domin fiffiken da ake matsa wa ya ɗaga da yawa a ƙaramin gudu yana haifar da turjiya mai yawa da kansa. Ta biyu, a ƙera ƙananan farfelun ba don su ja jirgi da kyau ba, sai don su shimfiɗa iska daidai a kan fiffike da tunkuɗa kaɗan. Haka aka tsara na X-57. Ta uku, a mayar da wasu farfelun birki: a bar iska ta juya su, injinansu su koma janareto suna mayar da wuta batir, su riƙe jirgin baya, sauran kuma suna hurawa. Kai da ke karatun lantarki ka san wannan na da sharaɗi. Batirin da ya cika ko ya yi zafi ba ya karɓar caji yadda kake so, sai an tanadi inda za a zubar da wutar. Kuma in farfelar birkin tana can bakin fiffike, ta gefe ɗaya ta daina aiki, ta ɗaya gefen za ta fizgi hancin jirgin da ƙarfin gaske saboda nisanta da tsakiya, a daidai lokacin da jelar jirgin ba ta samun isasshiyar iskar da za ta gyara.

Wannan batu na jela mutane kan manta da shi. Farfelu suna hura fiffike, amma jela da allunan da ke juya jirgi galibi iskar tafiya suke dogaro da ita. In gudu ya ragu da rabi, ikonsu ya koma rubu'i. Dole ko dai a yi jela babba, ko a ba kwamfuta iko ta riƙa ƙara wa farfelun gefe ɗaya wuta tana rage wa ɗaya don juya jirgin. Da zarar an yi haka, injina sun shiga cikin sitiyari, kuma doka za ta auna su da ma'aunin sitiyari, wanda ya fi tsauri nesa ba kusa ba.

Sai hannun matuƙi. Na sha zama a bayan matuƙa a na'urar kwaikwayon tuƙi ina kallon saukarsu. Murya na ƙirga tsayi, hamsin, arba'in, talatin, ashirin, sai ka ga hannu ya ja totur baya, ɗaya hannun ya ɗan ɗaga hanci, ba tare da mutumin ya yi tunani ba. Shekaru ne suka dasa masa wannan. A jirgin da farfela ke riƙe da fiffike, wannan motsin kansa zai iya zare ɗagawa jirgi yana saman titi da tsayin bene, ya faɗo da nauyinsa. A irin wannan ƙaramin gudu ma aikin hannuwan juyawa yake yi: totur ke sarrafa gangara, hanci ke sarrafa gudu. Shi ya sa injiniyoyin NASA suka yi nazarin raba ƙananan farfelun da totur ɗin matuƙi gaba ɗaya, a bar kwamfuta ta daidaita ƙarfinsu gwargwadon gudun jirgin. A ganina wannan ce hanyar da ta dace, domin ba a gina aminci a kan fatan cewa mutum zai manta da sabonsa a daƙiƙa biyun ƙarshe. Amma ka lura, nauyin ya tashi daga kan matuƙi ya koma kan manhaja da na'urar auna gudu.

Lissafin filin ƙwallo

Yanzu mu auna maganar abokinka. Electra na cewa EL9 zai tsaya cikin ƙafa 150, wato kusan mita 45. Wannan tazarar da taya ke yi a ƙasa ce. Doka kuwa ba daga nan take fara awo ba. Tana farawa daga lokacin da jirgi yake ƙafa 50, wato mita 15, a saman bakin titi, har ya tsaya cak. A gangarar digiri 3, saukowa daga mita 15 kaɗai na cin kusan mita 290 kafin taya ta taɓa ƙasa. A digiri 6 kimanin mita 145, a digiri 8 kimanin mita 107. Filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne. Ka ga tafiyar da jirgi ke yi a iska ta fi wadda yake yi a ƙasa yawa, kuma gajeriyar tsayawa ba ta da amfani a cikin gari in jirgin ba zai iya yin gangara mai tsauri ba. Ga benaye, ga turakun sadarwa, ga wayoyin wuta. Don haka komai ya koma kan waccan turjiyar da na ce samunta ke da wuya.

Abin da ke goyon bayan jirgin shi ne, tafiya a hankali tana sa gangara mai tsauri ta zo da sauƙi. Jet da ke tunkarar titi da kilomita 240 a awa a digiri 3 yana saukowa mita uku da rabi kowace daƙiƙa. Jirgin da ke tafiya da kilomita 65 a awa a digiri 8 mita biyu da rabi kawai yake saukowa. Kuma in wani abu ya faru a ƙasa, ƙarfin karon da ke jikin mai tafiya a hankali kaɗan ne. Wannan riba ce ta gaske, ban raina ta ba. Sai dai duk gangarar da ta kai digiri 4.5 hukumomi na ɗaukarta ta musamman, tana buƙatar nata gwajin da nata izinin. Filin jirgin London City da ke gabashin birnin Landan digiri 5.5 ake bi, kuma ba kowane jirgi ko matuƙi aka yarje wa sauka can ba.

Bayan wannan ma akwai ƙarin da ake ɗorawa. Kafin jet ɗin fasinja ya bar Abuja zuwa Legas, lissafinmu dole ya nuna zai iya tsayawa cikin kashi 60 na titin, in kuma ana sa ran titi a jiƙe a ƙara kashi 15 a kan tazarar. Lambar da ke cikin talla da lambar da muke aiki da ita a ofis ba su taɓa zama ɗaya ba.

Iskar Legas

Duk abin da ke tafiya a hankali iska ta fi wasa da shi. Bugun iska na kilomita 20 a awa daga gaba, ga jet mai gudun 240, yana canja ɗagawa da kimanin kashi 17. Ga fiffiken da ke tafiya da 65, a lissafin farko ya haura kashi 70. Hurawar farfela na rage wannan, tunda wani kaso na iskar daga gare ta yake zuwa, amma ba ta share shi. Iskar gefe kuma ta kilomita 30 a awa tana sa jet ya karkata hanci digiri 7. Ƙaramin naka sai ya karkata digiri 27, ya zo wa titi a kaikaice. Wanda ya ga yadda hadarin farkon damina ke tasowa a Legas wajen Maris da Afrilu, iska ta juya cikin 'yan mintuna, ya san wannan ba lissafin takarda ba ne. Tsakanin dogayen gine-gine irin na Ikoyi da Victoria Island kuwa iska murɗawa take yi.

Zafi ma na da nasa. Lambobin littafin jirgi ana farawa da su ne daga ma'aunin digiri 15 a bakin teku. A ranar da Legas ta kai digiri 33 iska ta ragu da kauri kusan kashi 6, a Kano kuwa a watan Afrilu, ga zafin 40 ga tudu, ragin ya fi haka. Injin lantarki ba ya shaƙar iska don ƙone mai, saboda haka ba ya raunana kamar mai fistin, amma farfela da fiffike suna jin siririyar iskar, kuma sanyaya injin da batir na ƙara wuya a daidai lokacin da jirgi ke tafiya a hankali da wuta a buɗe.

In ɗaya ya mutu saura bakwai

Ta fuskar tunkuɗa, gaskiyarka. Jirgi mai inji biyu in ya rasa ɗaya ya rasa rabin ƙarfinsa, naka kashi ɗaya cikin takwas. Amma a jirginka farfelar da ta tsaya ta bar wani yanki na fiffike babu hurawa, a gudun da fiffiken shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba. Wannan yankin ya saki, jirgi ya karkata gefe, hanci kuma ya juya. Maganin da aka fi ambata shi ne kwamfuta ta rage ko ta kashe takwararta ta ɗaya gefen nan take, ta ƙara wa sauran wuta. Ka ga ɗaya ta mutu, biyu aka rasa, kuma sauran dole a ƙera su da rarar ƙarfi.

Babbar tambayar hukuma ma ba ta inji ɗaya ba ce. Ita ce: mene ne abu guda da zai iya kashe su da yawa lokaci ɗaya? Batir ɗaya da ke ciyar da gefe guda. Layin wuta ɗaya. Kuskure ɗaya a manhajar da duka takwas ke amfani da ita. Tsawa. Garken tsuntsaye, wanda filin Ikeja ya san su sarai. Farfela ta karye, ɓallin ya sari maƙwabciyarta ko ya yanke wayar da ke bi ta cikin fiffike. Shi ya sa ake raba batir gida biyu ko fiye, a sarƙa injinan, na ɗaya a wannan layi, na biyu a wancan, don in layi ya mutu asarar ta rabu daidai hagu da dama. In farfela 12 ce, hanyoyin da biyu za su iya mutuwa tare 66 ne, kuma kowace da yadda take karkatar da jirgi. Mu mutanen Agege da Iju ba sai an tuna mana abin da rasa ƙarfi a kan hanyar sauka ke nufi ba. Ranar 3 ga Yunin 2012 jirgin fasinja daga Abuja ya rasa injinansa biyu yana tunkarar Ikeja, ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu a ƙasa. Allah ya jiƙansu. Jirgi mai ƙaramin fiffike da ya dogara da hurawa, in wuta ta ɗauke gaba ɗaya yana tafiya a hankali kusa da ƙasa, ya riga ya faɗa ƙasa da gudun sitol ɗinsa na asali, kuma ba shi da tsayin da zai sunkuya ya nemo gudu.

Sai fasa sauka. Kowane jirgi dole ya iya fasawa a daƙiƙar ƙarshe, in mota ta shigo titi ko hazon hunturu ya rufe gani, ya haura sama da tayoyi a waje da alluna a sauke. Dokar ƙananan jirage ta Amurka tana neman hawan kashi 3 cikin ɗari, wato mita uku sama a kowace mita ɗari da aka yi gaba. Jirgin mai yana zuwa wannan gaɓa da sauƙin nauyi, don ya ƙone mansa. Na batir nauyin da ya tashi da shi da shi zai sauka, kuma ana neman cikakken ƙarfi a lokacin da caji ya yi ƙasa. Ka san sauran daga aji: ƙarfin turin wuta ya faɗi, dole a ja ƙarin wuta don a sami ƙarfi iri ɗaya, zafi a wayoyi da batir ya hau, in wutar da aka ja ta ninka biyu shi ya ninka huɗu. Batirin da ya tsufa ya fi muni. Don haka gwajin ba da sabon batir cikakke ake yin sa ba, da mafi raunin da littafi ya yarda a tashi da shi ne. Wannan na cikin dalilan da wasu kamfanoni suka zaɓi haɗa batir da janareto, ban da cewa kilo ɗaya na man jirgi na ɗauke da makamashin da ya ninka na kilon batir sau arba'in ko fiye.

Abin da doka ke nema

Tsohuwar doka an rubuta ta ne da tunanin cewa inji aikinsa tunkuɗa, fiffike aikinsa ɗagawa. Ana auna gudun sitol da totur a rufe, sannan a ce ƙaramin jirgi ya tunkari titi da gudun da bai gaza ninki 1.3 na wannan ba. Manyan jirage 1.23. Ka ɗora wannan a kan jirginka, sai ribar ta ɓace, tunda da totur a rufe fiffikensa ba ya ɗaukar komai a ƙaramin gudu. A 2017 hukumar FAA ta Amurka ta sake rubuta sashe na 23 na dokarta, mai kula da jirage masu ɗaukar fasinja har 19, Turai ma ta EASA ta yi makamancin haka a shekarar. Sabon rubutun ya yarda cewa in injina suna cikin abin da ke ba da ɗagawa ko sarrafa jirgi, a auna mafi ƙarancin gudu da wani daidaitaccen ƙarfi a kunne. Ya kuma daina maganar mutuwar inji mafi muhimmanci, ya koma maganar asarar tunkuɗa mafi muni. Ƙofa ta buɗe ke nan.

Amma sabuwar dokar manufa take faɗa, ba ta faɗin hanya. Kamfani ne zai kawo hanyar da zai tabbatar da cikawa, hukuma ta amince, galibi ta ƙa'idojin ASTM, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan ƙira da gwaji. Nawa ne wancan daidaitaccen ƙarfi? Rarar gudu nawa za a bari, kuma a kan wane sitol, mai hurawa ko marar hurawa? Me zai gargaɗi matuƙi, tunda iyakar tana motsi da totur? Kowace amsa sai an tashi da jirgi an gwada ta, a nauyi daban-daban, da kashe injina da gangan a sama. Ga injin lantarkin kansa da ke buƙatar tasa takardar, ga batir da dole a nuna in ƙwaya ɗaya ta kama wuta ba za ta cinye sauran ba, ga manhaja da ake bin ta layi-layi. Jirgin lantarki na farko da EASA ta ba takardar shaidar ƙira shi ne Pipistrel Velis Electro a Yunin 2020, mai kujera biyu da farfela ɗaya tak. Kasar Sin ta ba EHang EH216-S mai farfela 16 takarda a Oktoban 2023, amma shi a tsaye yake tashi ya sauka, ba shi da fiffike, matsalarsa daban. Ga masu tashi a tsaye da za su ɗauki fasinja a saman birane, EASA ta sa ma'aunin manyan jirage: haɗarin da ke hallaka jirgi kada ya wuce sau ɗaya cikin awa biliyan ɗaya ta tashi. Ba ƙeta hukumomi ke yi ba. Tabbatar da irin wannan lamba ne ke cin shekaru da kuɗi, kuma kamfanoni da dama sun durƙushe a hanya.

Mu a nan, NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ba ita ke fara gwada sabuwar ƙira ba. Tana karɓar takardar ƙasar da aka ƙera jirgin ne bayan ta duba ta. Daga nan sai namu aikin: kamfanin da zai yi jigila da shi, matuƙa da makanikai masu lasisin irinsa, wurin sauka da aka amince da shi, hanyar shigowa da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyarmu, za ta zana wadda ba ta karo da jiragen Ikeja, da 'yan kwana-kwanan da suka san wutar batir, wadda kan mutu ta sake tashi. A ra'ayina in ya zo Legas ba a tsakiyar unguwa zai fara ba. Zai fi dacewa da gajerun tituna a bakin ruwa, wajen Epe, Lekki ko Badagry, inda zai gangaro ta saman ruwa babu gini a gabansa, da garuruwan da ba su da kuɗin shimfiɗa titin kilomita uku amma za su iya na mita ɗari huɗu.

In ka sake ganin irin wannan bidiyo, nemi tazarar sauka daga ƙafa 50, a cikakken nauyi, a rana mai zafi, da iyakar iskar gefen da aka gwada, da gudun da littafi ya ce a tunkari titi da shi bayan layin wuta ɗaya ya mutu. In kuma kana neman inda karatunka zai shiga wannan fage, duba raba layukan wuta da kariyarsu, sanyaya na'urorin da ke juya wutar batir zuwa ta inji, da hayaniyar lantarki da waɗannan na'urori ke watsawa cikin sauran wayoyin jirgi. Wannan ta ƙarshe tana cikin abubuwan da suka ci wa ma'aikatan X-57 lokaci mai yawa tun jirgin yana ƙasa, kuma za ka iya fara auna ta a ɗakin gwajin makarantarku da ƙananan injinan jirgi marar matuƙi guda huɗu a kan layi ɗaya.